An ce yayana yana mataki na uku na cutar HIV, ko akwai sauran fata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayana ya yi wata uku yana tari da zazzaɓin dare, ya rame ƙwarai. Da aka kai shi asibiti aka ce tarin fuka ne, gwaji kuma ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV. A katinsa an rubuta mataki na uku. Na duba intanet na ga an ce mataki na uku shi ne na ƙarshe. An gwada matarsa, ita ma tana da shi, amma ko ciwon kai ba ta yi. Yanzu dangi sun rabu biyu, wasu na cewa ita ta shafa masa, wasu na cewa gwajin ƙarya ne. Suna da yara biyu, ƙaramar tana shan nono. Don Allah a yi mini bayanin matakan nan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yayanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya masa. Fata akwai, kuma ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba. Wanda aka gano yana da tarin fuka na huhu da HIV a lokaci guda, aka ɗora shi a kan magungunan biyu yadda ya kamata, mafi rinjaye yakan tashi ya koma neman abincinsa.

Abin da ya tayar miki da hankali ya samo asali ne daga ƙidaya iri biyu da ake yi wa cutar nan. Shafuka da yawa na intanet, musamman na Amurka, suna kasa tafiyar cutar gida uku: farkon shigarta jiki, shekarun da take zaune shiru, sai ƙanjamau sosai, wanda shi ne na uku. Asibitocinmu kuwa, a Najeriya da Nijar, suna bin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke da matakai huɗu, ana kuma auna su ne da irin cututtukan da suka bayyana a jikin mutum. A wannan tsarin, tarin fuka na huhu shi kaɗai ya isa a rubuta wa mutum mataki na uku. Ke nan ukun da ke katin yayanki daban yake da ukun da kika karanta. Ba zan ɓoye miki ba, mataki na uku yana nufin cutar ta yi nisa kuma yana buƙatar kulawa ta kusa, amma lambar tana faɗin inda aka same shi ne ranar da ya zo, ba ta ƙidaya masa kwanaki.

Ƙwayar HIV tana da wani babban abinci a jikin ɗan Adam, wato wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara yadda jiki zai yaƙi kowace cuta. Mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake ƙirga su da shi. Ƙwayar takan shiga cikinsu, ta hayayyafa, ta kashe su. Duk bayanin matakai, idan kika bi diddiginsa, labarin raguwar wannan lamba ne da abin da ke biyo bayanta.

Sati 2 zuwa 4 bayan ƙwayar ta shiga, mutane da yawa sukan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ciwon gaɓoɓi, kaluluwa a wuya, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a ƙirji. A ƙasarmu kusan babu mai kawo HIV a ransa a wannan lokaci. Kemis ake zuwa a ce maleriya ce ko taifot, a sha magani, bayan kwanaki abin ya lafa da kansa, a ɗauka maganin ne ya yi aiki. Wasu ma ko wannan zazzaɓin ba sa yi. Abin tsoron shi ne a waɗannan makonni ƙwayar ta fi yawa a jini, mutum ya fi saurin shafa wa wani, gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa kuma yana iya nuna babu komai, domin shi yana neman alamar martanin da jiki ya mayar ne, wannan kuwa yakan ɗauki har wata uku kafin ya fito sarai. Shi ya sa nake jan hankalin masu gwajin aure. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, abu ne mai kyau, sai dai takarda ɗaya ta mako guda kafin ɗaurin aure ba ta rufe wannan ƙofa ga wanda ya san ya yi wata mu'amala mai haɗari kwanan nan. Irin wannan sai ya sake gwaji bayan wata uku.

Daga nan sai dogon shiru. Jiki yana ƙera sababbin CD4, ƙwayar tana cinye su, ana ta wannan ja-in-ja, mutum yana cin abincinsa, yana noma, yana aure, yana haihuwa. Kamar gara ce a cikin azara: ɗaki a tsaye, shafe lafiya lau, sai ranar da ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a gane abin da aka daɗe ana ci a ciki. Idan babu magani, wannan zama yakan kai kimanin shekara 10, wasu ƙasa da haka sosai, wasu fiye. Wannan ne mataki na ɗaya a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ba a ganin komai sai dai wata kaluluwa marar zafi a wuya ko hammata da ta ƙi tafiya. Bisa bayaninki, a nan matar yayanki take, ko kusa da nan.

Wannan ya amsa maganar dangi ta ɓangare biyun. Masu cewa gwajin ƙarya ne don matar lafiyarta ƙalau, su sani haka cutar take, kuma ba a gaya wa mutum yana da ita da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani gwajin na daban. Masu neman wanda ya kawo wa wani kuwa, babu gwajin da za a yi musu a asibiti ya raba wannan gardama. Mutum biyu suna iya kamuwa shekara guda, ɗaya ya kwanta bayan shekara huɗu, ɗaya ya kai goma sha biyu a tsaye. Wanda ya fara kwanciya ba hujja ba ne, wanda ya rage a tsaye ma ba hujja ba ne. Ga kuma hanyoyin da ba na shimfiɗa ba: ƙarin jinin da ba a tantance ba, allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, askar da ta yanki mutum aka ɗora wa na gaba, da aure na baya da ɗayansu ya taɓa yi. Na sha ganin yadda wannan zargi ke kora mace gidan iyayenta, ta daina zuwa karɓar magani saboda kunya, jaririnta ya kamu a banza. Idan kina da ta cewa a gidan nan, ki yi amfani da ita wajen kashe wannan magana.

Idan CD4 ta fara sauka, fata da baki ne kan fara ba da labari. Mataki na biyu ke nan: 'yar rama da ba ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki ba, mura da ciwon kunne ko maƙogwaro masu yawan dawowa, tsagewar gefen baki, ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙafa da ke barin baƙin tabo, lalacewar farce. Akwai kuma wasu ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar ƙuna, da ke fitowa a jere a ɓari ɗaya na ƙirji ko fuska, su tsaya daidai tsakiyar jiki ba su tsallaka ɗaya ɓarin ba. Ƙwayar ƙarambau ce ta ƙuruciya da ta kwanta a jijiya, ta farka da garkuwa ta yi rauni. Tsoho yana iya yin su ba tare da HIV ba, amma duk matashin da ya zo mini da su, sai na roƙe shi ya yarda a gwada shi. Ki tambayi yayanki, ba mamaki ya tuna ya taɓa yin wani abu cikin waɗannan shekara biyu ko uku da suka wuce.

A mataki na uku rama takan wuce kashi 10 cikin 100, gudawa ko zazzaɓi su haura wata guda ba a san dalili ba, jini ya yi ƙasa, ciwon huhu mai tsanani ya kama mutum. Idan aka haska baki da tocila, sau da yawa za a ga wani farin abu kamar kindirmo ya manne a harshe da cikin kumatu da ganɗa, in aka kankare shi sai wurin ya yi ja, ya ɗan yi jini. Sai kuma tarin fuka, wanda a kansa nake so in daɗe, domin shi ne ke gabanku.

Tarin fuka, wato tibi, shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. Mutane da yawa a cikinmu suna ɗauke da ƙwayarsa a kwance, garkuwar jiki ta danne ta har su mutu ba ta motsa ba. Mai HIV da ba ya shan magani ya fi wanda ba shi da ita haɗarin tashin wannan ƙwaya ninki fiye da goma. Kuma tibi ba ya jiran CD4 ta ƙare, yana iya zuwa tun tana 400 ko 300, shi ya sa ganinsa bai isa a ce garkuwar yayanki ta rushe gaba ɗaya ba. Sai an ƙirga. Yana kuma da wayo a jikin mai raunin garkuwa: wani ba ya tarin kirki, hoton ƙirji ya fito kusan lafiya, majina a madubin likita ba ta nuna komai, alhali rama da gumin dare suna cin mutum. Don haka ake amfani da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar a majina cikin sa'o'i kaɗan, ta kuma faɗa ko mai bijire wa magani ce. Ga masu jin jiki sosai akwai gwajin fitsari da ke taimakawa.

Maganin tibi wata 6 ne, kyauta ake ba da shi, kuma yana warkarwa sarai ko da mutum yana da HIV. Shi ake fara sha, sannan a ɗora maganin HIV cikin sati 2. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin tibi, rifampicin, yana mayar da fitsari da gumi ja kamar ruwan goro. Ku gaya masa tun yanzu, don kada ya ga haka ya ce jini yake fitsarwa ya ajiye magani. Wannan rifampicin ɗin yana kuma rage ƙarfin dolutegravir, wanda ke cikin ƙwayar maganin HIV da ake sha sau ɗaya a rana, saboda haka za a ƙara masa wata 'yar ƙwayar dolutegravir ya riƙa sha bayan awa 12 har sati 2 bayan ya gama maganin tibi. Idan ba a ba shi ba, ki tambaya.

Mataki na huɗu shi ne abin da ake kira ƙanjamau, haka nan idan CD4 ta faɗi ƙasa da 200 ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa. A nan cututtukan da ba sa iya taɓa mai lafiya suke samun ƙofa. Farin abin nan na baki ya gangara maƙoshi har haɗiyar ruwa ta zama azaba. Tibi ya bar huhu ya shiga ciki, ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa. Wani ciwon huhu ya zo da busasshen tari da haki, mutum ya kasa zuwa banɗaki bai tsaya hutawa ba. Wata ƙwaya da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba ta yi ƙurji a ƙwaƙwalwa, ta kawo jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai dajin fata mai suna Kaposi, da ke fitowa kamar baƙaƙen tabo masu tudu a ƙafa ko a ganɗa, ga mata kuma sankarar bakin mahaifa. Wanda ya kai nan bai samu magani ba, yawanci ba ya wuce shekara 3.

Cikin waɗannan akwai ɗaya da nake so kowane mai jinya ya san shi, wani nau'in sanƙarau da wata ƙwayar cuta dangin naman gwari mai suna kiriptokokus ke kawowa. Bai yi kama da sanƙarau na lokacin zafi da ke kayar da mutum dare ɗaya ba. Shi a hankali yake zuwa: ciwon kai na sati ɗaya, sati biyu, ana ta shan panadol, sai amai, sai mutum ya riƙa kare idonsa daga haske, sai ya fara magana ba kan gado ko ya riƙa kallon 'yan gida kamar bai san su ba. A daidai nan ne iyali da yawa ke cewa jifa ne ko iska, a nufi wajen ruƙiyya, kwana uku masu tsada su wuce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ana iya gano ƙwayar nan a jini makonni kafin ta kai ƙwaƙwalwa, da gwaji mai sauƙi irin na tsinke, a ba da maganin fluconazole a tare ta. Shi ya sa duk wanda aka samu a mataki na uku ko na huɗu ya kamata a ƙirga masa CD4, idan ta gaza 200 a yi masa wannan gwaji. Wannan ita ce tambaya ta farko da za ki yi a zuwanku na gaba.

Duk wannan jerin da na zayyana tafiyar cutar ce idan an bar ta. Magani yana tsayar da ita a duk inda ya same ta, ya kuma juya ta baya. A da sai CD4 ta sauka zuwa wani adadi ake fara ba mutum magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda aka gano, ko a wane mataki yake. Ƙwayar maganin da aka fi bayarwa yanzu ta haɗa magani uku, tenofovir, lamivudine da dolutegravir, ana sha sau ɗaya kullum. Mafi yawan masu sha a kan lokaci, cikin wata 6 ƙwayar cutar takan ragu a jininsu har na'ura ta kasa ganinta, CD4 kuma ta riƙa hawa sannu a hankali. Wanda ya kai wannan matsayi ya kuma riƙe shi ba ya shafa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Maganin bai fitar da ƙwayar daga jiki ba, danne ta yake yi, ranar da aka ajiye shi za ta dawo, don haka duk mai cewa yana da sassaƙen da ke warkarwa gaba ɗaya a daina shan na asibiti, ku guje shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya. Da yawansu kina haɗuwa da su a kasuwa da makaranta da gidan biki, babu abin da zai nuna miki.

Watanni ukun farko su ne masu haɗari ga yayanki, a nan ake buƙatar idonki. Za a ba shi maganin Septrin kullum, kada a raina shi, yana kare shi daga ciwon huhun nan mai haki, da ƙurjin ƙwaƙwalwa, da wasu nau'o'in gudawa, har da maleriya. Wani lokaci, sati biyu zuwa wata biyu da fara maganin HIV, sai zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura, tari ya ƙaru. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta tarar da tibi ta far masa da ƙarfi. Mutane sukan ce maganin ne bai karɓe shi ba su daina, wannan kuskure ne mai kisa. A koma asibiti, akwai abin da ake bayarwa ya lafa. A koma a ranar, ba a jira ranar da aka rubuta a kati ba, idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya hana magani zama, ko ƙuraje suka feso masa har cikin baki da ido, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ya kasa tafiya sai an riƙe shi. Abinci kuwa, abin da ke gidan ya isa idan ana samu a kai a kai: wake, ƙwai, gyaɗa, nono da aka dafa, zogale, ɗan nama ko kifi. Ba a kamuwa da HIV ta kwano ɗaya, ko buta, ko musabaha, ko cizon sauro, kada a ware masa kwano. Tibi ne ke bin iska, shi ma ƙarfin yaɗuwarsa yakan ragu sosai bayan kimanin sati 2 da fara magani. Kafin nan a buɗe tagogi, ya riƙa rufe baki in zai yi tari, ya fi yawan zama a tsakar gida.

Matarsa ta fara nata maganin yanzu, kada ta ce sai ta ji ciwo. Ita ce ta fi kowa sa'a a wannan lamari, domin idan ta riƙe magani tana iya ƙare rayuwarta ba ta ga mataki na biyu ba. A bincika ta ko ta ɗauki tibi, idan babu a ba ta maganin rigakafinsa. A kuma duba mata bakin mahaifa, domin mace mai HIV ta fi sauran mata haɗarin wannan sankara kusan ninki 6, ana kuma iya kashe sankarar tun tana tabo. Idan akwai abokiyar zama, ita ma a gwada ta.

Yaran kuma kada a kwana biyu ba a kai su ba. Jikin ƙaramin yaro ba ya samun dogon shirun nan na manya: jariran da suka kamu ba a ba su magani ba, kusan rabinsu ba sa kai shekara 2. Babban, idan ya wuce wata 18, gwajin yatsa ya ishe shi. Ta goye kuwa gwajinta daban ne, ana ɗiga jinin dunduniyarta a wata takarda a aika ɗakin gwaji a nemi ƙwayar kanta, domin gwajin yatsa a wannan shekaru yana iya nuna alamar da ta gada daga jinin uwa alhali ita ba ta kamu ba. Kada a yaye ta da gaggawa don tsoro, yayen farat ɗaya yana jawo gudawa da tamowa. Uwa ta fara magani, a ba jaririyar nata maganin kariya na ruwa da Septrin, a ci gaba da shayarwa, a sake gwada ta bayan yaye. Tunda kuma sun kwana ɗaki ɗaya da mai tari wata uku, duk wanda bai kai shekara 5 ba a cikinsu yana buƙatar maganin rigakafin tibi ko da gwajin HIV ɗinsa ya fito babu komai.